Yaushe Kaya Ke Zama Shara a Idon Doka? Tambayoyi da Amsoshi Kan Kayan da Aka Yasar a Dokar Amurka

A bayan masana'antu da yawa akwai wani lungu da ake jibge durorin sinadari, tsofaffin batura, ragowar fenti da baƙin mai. Ka tambayi mai wurin, zai ce maka ajiya ce, za ta yi amfani wata rana. Wani lokaci gaskiya yake faɗa. Wani lokaci kuma ya daɗe da cire rai da kayan, kuɗin kwashe su ne kawai ba ya son biya. Dokar shara ta Amurka ta yi dogon aiki wajen raba waɗannan mutane biyu, kuma tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan rabewa suke.

Wace doka ake magana a kanta?

Dokar da ake kira RCRA a taƙaice, wato dokar alkinta albarkatu da sake cin moriyarsu. Shugaba Gerald Ford ya sa mata hannu a watan Oktoban 1976, ta kuma yi wa wata tsohuwar dokar shara ta 1965 garambawul. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ita ke rubuta ƙa'idojin aiwatar da ita. Ƙa'idojin farko kan shara mai haɗari sun fito a watan Mayun 1980, aka sake fasalin ma'anar shara a Janairun 1985. Ma'anar tana cikin kundi na 40 na ƙa'idojin gwamnatin tarayya, sashe na 261.2. Kusan dukkan jihohin ƙasar suna gudanar da shirin da kansu bisa amincewar hukumar, kuma jiha na da damar tsanantawa fiye da tarayya, amma ba ta da damar sassautawa.

Me ya sa ake fara tambayar ko abu shara ne, kafin a tambayi ko yana da haɗari?

Domin haka aka gina dokar. Abu ba ya zama shara mai haɗari sai ya fara zama shara. Duro cike da asid da masana'anta ta saya don aikinta yana iya ƙone fatar mutum, amma kayan aiki ne, wasu dokoki ne daban ke kula da shi. Ranar da aka yasar da wannan duron, ranar ce ya shiga hannun RCRA, da dukkan nauyin da ke biye: rajista, lakabi a jikin mazubi, takardar rakiya daga ƙofar masana'anta har inda za a kashe gubar, da wurin zubarwa mai lasisi. Nauyin nan kuɗi ne mai yawa. Shi ya sa mafi zafin gardama tsakanin kamfanoni da hukuma ba a kan guba take ba, a kan wannan ƙofa ta farko take. Wanda ya iya nuna cewa kayansa ba shara ba ne ya tsallake sauran duka.

Dokar na cewa "daskararriyar shara". Ke nan ruwa da iskar gas ba sa ciki?

Suna ciki. Sunan ne ke ruɗar mutane. A ma'anar dokar, daskararriyar shara ta haɗa da abu mai tauri, da mai ruwa-ruwa, da mai kauri kamar taɓo, da iskar gas da ke ɗure a tukunya. Abin da ake dubawa shi ne ko an yi watsi da shi, ba siffarsa ba.

To, mene ne yin watsi, kuma ina yasarwa ta shigo?

Ƙa'idar ta ce abu na zama wanda aka yi watsi da shi ta hanyoyi huɗu: a yasar da shi, ko a sake sarrafa shi ta wasu hanyoyi da aka lissafa, ko ya kasance cikin 'yan abubuwan da hukumar ta ce shara ne ko yaya aka yi da su, kamar wasu masu ɗauke da gubar dayoksin, ko ya zama harsashi da makaman soja da aka daina amfani da su, abin da aka ƙara a 1997.

Yasarwa ita ce ta farko, ita ce kuma aka fi cin karo da ita. An yasar da abu idan an zubar da shi, ko an ƙone shi, ko an tara shi ko an ajiye shi ko an yi masa wani aiki gabanin zubarwa ko ƙonawa ko a madadinsu. A 2015 aka ƙara ta huɗu: sake sarrafawa ta bogi.

A lura da abu guda. Babu inda ƙa'idar ta ce sai mai kaya ya furta da bakinsa cewa ya bar su. Babu inda ta ce sai ya gudu ya bar wurin. Mutum na iya zama a ofishinsa kullum, kayan na cikin shingensa, makullin sito na aljihunsa, amma doka ta ɗauke su a matsayin yasassu.

Idan duro ne ya fashe da kansa ya malale, ban zubar da gangan ba fa?

Ma'anar zubarwa a dokar tana da faɗi da gangan. Ta haɗa da jibgewa, tsiyayarwa, ɗura wa ƙasa ta rijiya, malalewa, yoyo, da ajiye abu a ƙasa ko a ruwa ta yadda shi ko wani ɓangarensa zai iya shiga iska, ƙasa ko ruwan ƙarƙashin ƙasa. Yoyo ba ya bukatar niyya. Idan sinadarin da ka saya ya zube, ka yi hanzarin kwashe shi ka mayar da shi aiki, kana da hujjar cewa har yanzu kaya ne. Idan ka bar shi ƙasa ta shanye, ka yasar da shi, kuma ƙasar da ta sha shi ita ma ta zama abin da za ka yi ɗawainiya da shi idan aka haƙe ta.

Ƙonawa fa? Ai wasu na ƙona dagwalo ne don samun makamashi.

Ƙona abu don a rabu da shi yasarwa ce kai tsaye. Ƙona shi don cin moriyar zafinsa, kamar yadda wasu kamfanonin siminti ke yi da tsohon tina, wato ruwan narkar da fenti, an sa shi a layin sake sarrafawa, amma wannan bai fitar da shi daga zama shara ba a mafi yawan lokuta. Abin da ya tsira shi ne wanda tun asali makamashi ne, kamar fetur da ya gurɓata aka ƙone shi a matsayin fetur. Hikimar a fili take: hayaƙin ba ya tambayar niyyar wanda ya kunna wutar.

Mu koma kan ajiya. Yaya za a ce na yasar da abin da ke cikin sitona?

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan ne nake ganin marubutan ƙa'idar sun fi nuna sanin halin ɗan Adam. Da a ce sai an ga zubarwa ko ƙonawa kafin a kira abu shara, da hanyar kuɓuta ta yi sauƙi ƙwarai: kada ka zubar, kada ka ƙone, ka dai jera durorin a bayan gida shekara goma. Tsatsa za ta yi maka aikin da ka ƙi yi. Amurka ta ga irin wannan da idonta a ƙarshen shekarun 1970, a wani fili kusa da Louisville a jihar Kentucky da aka yi wa laƙabi da Kwarin Durori, inda dubban durori suka yi ta ruɓewa suna tsiyaya cikin rafi.

Saboda haka ƙa'idar ta kama ajiya iri biyu. Akwai ajiyar da ake yi kafin zubarwa: ka riga ka yanke shawarar kayan na tafiya juji, mota kawai kake jira. Tun daga wannan lokaci shara ne, ba sai motar ta zo ba. Akwai kuma ajiyar da ta maye gurbin zubarwa, wadda ba ta da ranar ƙarewa.

Mai bincike daga hukuma ba zai iya buɗe ƙirjin mutum ya ga niyyarsa ba, don haka kayan yake tambaya. Mazubin a rufe yake ko a buɗe? Yana ƙarƙashin rufi ko ruwan sama na dukansa? Lakabin na karantuwa? Kayan na cikin littafin lissafin kamfani kamar sauran dukiyarsa? Yaushe aka ɗebi wani abu daga ciki na ƙarshe? Akwai wanda ya taɓa tayawa? Aikin da ake amfani da sinadarin a cikinsa yana nan, ko an daina shi shekaru biyar da suka wuce? Kowa ya san yadda ɗan kasuwa ke riƙe hajar da yake sa ran riba a kanta. Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana, kuma gaskiya ne, amma abin da ake ajiyewa don wata rana ba a barinsa ciyawa ta rufe shi.

Na ji ana maganar kashi 75 cikin ɗari. Mene ne shi?

Ma'auni ne na gane tara kaya bisa tsammani, wato mutum ya ce zai sake sarrafa abu amma tulin sai ƙaruwa yake yi. Domin ya kuɓuta, sai ya nuna abu biyu. Na farko, kayan na da hanyar sarrafawa mai yiwuwa, ba ta mafarki ba. Na biyu, cikin shekara guda ya sarrafa, ko ya tura wa mai sarrafawa, aƙalla kashi 75 cikin ɗari na abin da ke hannunsa ranar 1 ga Janairu, a nauyi ko a yawa. Wanda ya wayi garin sabuwar shekara da tan 100 na ƙurar ƙarfe, dole tan 75 su bar tulin kafin ƙarshen Disamba. Tun 2015 ana kuma bukatar a rubuta ranar da aka fara tarawa a jikin mazubin, ko a littafi idan rubutawa a jiki ba za ta yiwu ba. Wannan ma'auni bai shafi sabon sinadarin kasuwa da ba a taɓa amfani da shi ba; shi da alamun da aka ambata a sama ake auna shi.

Mece ce sake sarrafawa ta bogi?

Ita ce sauya wa tuwo suna. Zubarwa ce, amma an sa mata rigar sana'a.

Misalan da suka fi ciwo tarihi ya riga ya rubuta su. A farkon shekarun 1970 an riƙa fesa tsohon mai a kan titunan ƙasa na garin Times Beach a jihar Missouri don kashe ƙura. Man na gauraye da dayoksin. A 1983 gwamnati ta sayi garin baki ɗaya, mutanensa suka tashi. A 1986 wani jirgin ruwa mai suna Khian Sea ya bar Philadelphia da kimanin tan 14,000 na tokar shara, ya yi ta yawo ƙasashe na korarsa, har ya sauke kusan tan 4,000 a bakin tekun Gonaives a Haiti da sunan takin zamani. A 1988 wata tokar ta Philadelphia ta isa tsibirin Kassa, daura da Konakiri a ƙasar Gini, da sunan kayan buga bulo. Taki, bulo, maganin ƙura: kullum akwai suna mai daɗi.

Ƙa'idar yanzu, a sashe na 260.43, tana sa a yi tambayoyi. Shin kayan na ba da wata gudummawa ta gaske ga aikin, ko cusa su kawai ake yi? Shin abin da ya fito yana da daraja, akwai mai saye ko mai amfani da shi? Shin ana kula da kayan kamar dukiya tun daga ajiya har sarrafawa? Waɗannan uku wajibi ne. Akwai ta huɗu da dole a yi la'akari da ita: ko abin da aka samar yana ɗauke da guba fiye da takwaransa da aka yi da sabon kaya. A 2015 an mai da ita wajibi, kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta soke hakan a 2017, sai a 2018 hukumar ta mayar da ita matsayin abin dubawa. A ganina an yi asara a nan, domin ita ce tambayar da ke tona asirin mai ɓoye dalma a cikin bulo. Idan aka tabbatar sarrafawar ta bogi ce, kayan yasassu ne, kuma duk abin da aka yi da su zubarwa ce ba bisa ƙa'ida ba.

Wa ke da alhakin kawo hujja?

Wanda ya ce kayansa ba shara ba ne. Sashe na 261.2 ya bukaci ya nuna cewa akwai sananniyar kasuwa ko makoma ga kayan, ya kawo takardu kamar kwangilar da ke nuna wani na amfani da su, kuma idan ya ce shi ke sarrafawa, ya nuna injin.

Ba a taɓa ƙalubalantar wannan ma'ana ba?

An yi, kuma kamfanoni sun taɓa yin nasara. A 1987, a shari'ar da ƙungiyar masu haƙar ma'adinai ta Amurka ta shigar, kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta ce kalmar watsi tana nufin abin da kowa ya sani: jefarwa ko rabuwa da abu. Kayan da ke komawa cikin aikin masana'anta nan take, a zagaye guda, ba a yi watsi da su ba, don haka hukumar ba ta da iko a kansu a ƙarƙashin wannan doka. Hukuncin na da ma'ana, domin ba a so a hukunta mai alkinta kayansa. Sai dai hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun taƙaita shi: wai wata rana za a iya sake amfani da abu bai isa ya hana a kira shi shara ba, musamman idan yana zube a tafkin dagwalo.

Masana'anta ta rufe, an bar sinadari cikin tankuna da bututu. Yaya matsayinsa?

Dagwalon da ke cikin injin da ke aiki ba a fara ƙirga shi sai ya fito. Amma idan aka kashe injin, aka bar dagwalon a ciki fiye da kwana 90, ƙa'idojin shara mai haɗari sun hau kansa a inda yake. Wuraren da aka bari tun da daɗewa, waɗanda masu su suka ɓace ko suka karye, wata doka ce ta 1980 da aka fi sani da Superfund ke bin su. Ita ta biyo bayan abin da ya faru a unguwar Love Canal a jihar New York, inda aka gina makaranta da gidaje a kan wurin da aka binne kimanin tan 21,000 na sinadarai, har Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a 1978.

Duro da aka juye fa, ya zama fanko?

Sai an juye shi iyakar yadda aka saba, kuma abin da ya rage a gindinsa bai wuce santimita 2.5 ba, ko kashi 3 cikin ɗari na nauyin abin da yake ɗauka idan bai wuce galan 119 ba. Idan guba mai kisa nan take ya ɗauka, sai an ɗauraye shi sau uku da abin da ke narkar da gubar. Duk wanda ya san yadda durorin sinadari ke ƙarewa a matsayin mazubin ruwan sha a unguwanninmu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Da zarar an yasar da abu, ya zama mai haɗari ke nan?

A'a. Ya zama shara dai. Daga nan sai a duba ko sunansa na cikin jerin hukumar guda huɗu, masu haruffan F, K, P da U, ko kuma yana da ɗaya daga halaye huɗu: saurin kama wuta, kamar ruwan da ke iya kamawa a ƙasa da digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. Cin ƙarfe da fata, wato abin da ya nuna 2 zuwa ƙasa ko 12.5 zuwa sama a ma'aunin pH, mai auna ƙarfin asid ko kishiyarsa. Fashewa ko fitar da iska mai guba. Da tsiyayar da guba a gwajin ɗakin bincike, inda iyakar dalma ita ce miligiram 5 a lita. Idan ya faɗa ciki, agogo ya fara bugawa. Mai samar da kilo 1,000 ko fiye a wata yana da kwana 90 ya fitar da shi ba tare da lasisin ajiya ba. Wanda ke tsakanin kilo 100 da 1,000 yana da kwana 180. Wanda ya san yana ajiye ko zubar da irin wannan shara ba lasisi na iya fuskantar ɗaurin shekara 5 da tarar dala 50,000 a kowace rana, kuma idan ya san yana jefa ran wani cikin haɗari, ɗaurin na iya kaiwa shekara 15.

Magidanci da ya jefar da ragowar maganin sauro ko fenti fa?

Sharar gida an cire ta daga ƙa'idojin shara mai haɗari na tarayya, ko da tana da guba. Shara ce, amma jihohi da ƙananan hukumomi ne ke tsara yadda za a karɓe ta.

Duk wannan na Amurka ne. Me ya shafe mu?

Ya shafe mu domin tsananta doka a ƙasashen masu masana'antu ya sa zubarwa ta yi tsada a can, dillalai suka fara neman inda take da araha. Tsakanin 1987 da 1988 an shigo da fiye da tan 3,500 na dagwalo mai guba daga Italiya zuwa garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel, yanzu jihar Delta. Fili aka yi haya, aka jera durori a rana da ruwan sama. Wannan ita ce ajiya a madadin zubarwa, babu ragi babu ƙari. Bayan asiri ya tonu Najeriya ta tilasta aka kwashe su, ta kafa Doka ta 42 ta 1988 mai tanadin ɗaurin rai da rai, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ce ke riƙe da aikin tilasta ƙa'idojin muhalli a yau. Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991, masu taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, duk daga irin waɗannan abubuwa suka taso. Amurka ta sa hannu a ta Basel amma ba ta tabbatar da ita ba.

Tambayar kuma tana nan a gabanmu kullum. Kwantena cike da tsofaffin talabijin da kwamfutoci ta iso da sunan gwanjo: nawa ne ke aiki, nawa ne aka turo don su mutu a nan? Ɗan jari-bola da ke tara ƙarfe da dalma yana kai wa 'yan gwangwan sana'a ta gaske yake yi, kayansa na da kasuwa, tulinsa na juyawa kowane mako. Ko a dokar Amurka ƙarfen da ake sake narkarwa an sassauta masa. Amma idan aka fasa tsohon batir a bayan gida, aka cire dalmar aka tuttular da asid ɗin a kwata, rabin aikin sarrafawa ne, rabin kuma zubarwa ce a inda yara ke wasa. Mutanen Zamfara, da suka rasa ɗaruruwan yara a 2010 saboda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinare a cikin gidaje, sun san abin da dalma ke yi idan ta shiga ƙasar tsakar gida.